Dokar hana shan taba a wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a: mafarinta, abin da ta ƙunsa da matsayin Nijar

Dokar hana shan taba a rufaffun wurare doka ce da ke haramta kunna sigari, lofe ko shisha a cikin ginin da mutane ke aiki ko suke taruwa, da kuma cikin motocin haya. Ta shafi ma'aikatun gwamnati da na ƴan kasuwa, asibitoci, makarantu, gidajen abinci, otal-otal, kantuna da ɗakunan jira na tashoshi. Ba ta hana baligi sayen taba, kuma ba ta bin shi har cikin ɗakinsa. Wanda take karewa shi ne mutumin da ba ya shan taba amma neman abinci ya tilasta masa wuni cikin hayaƙin wasu: mai kai abinci, sakatare, mai shara, direba da yaron mota. Nijar na da irin wannan doka tun ranar 15 ga watan Mayu na 2006, kafin yawancin ƙasashen Afirka.

Abin da ke cikin hayaƙin da wani ya busa

Hayaƙin da ke cika ɗaki iri biyu ne. Akwai wanda mai sha ya zuƙa ya fesar, akwai kuma wanda ke tashi kai tsaye daga bakin karan sigari yayin da yake ci a hannu. Na biyun ba ya bi ta audugar da ke gindin kara, kuma da yake wutar na ci a hankali, wasu gubobin sun fi yawa a cikinsa. Masana sun ƙirga sinadarai fiye da 7,000 a hayaƙin taba, kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. A ciki akwai iskar gas mai guba irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, akwai formol da ake adana gawa da shi, akwai arsenik da aka sani a gubar ɓera.

An daɗe ana ɗaukar hayaƙin wani a matsayin abin damuwa kawai, mai sa ido yaji da tufafi wari. Binciken da ya fara sauya wannan tunani ya fito daga Japan a 1981. Wani likita mai suna Takeshi Hirayama ya bi lafiyar matan aure fiye da 90,000 waɗanda ba su shan taba, har tsawon shekara 14. Ya gano cewa matan da mazansu ke yawan shan sigari sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin huhu. A 1986 ofishin babban likitan Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. A 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar lafiya ta duniya, OMS, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta wallafa matsayinta cewa hayaƙin da mutum ya shaƙa daga wani yana jawo ciwon daji.

Rahoton babban likitan Amurka na 2006 ya sa alƙaluma a kan batun. Wanda ba ya shan taba amma yana zaune ko yana aiki cikin hayaƙi, haɗarin ciwon zuciya na ƙaruwa gare shi da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na ciwon dajin huhu kuma da kashi 20 zuwa 30. Rahoton ya ce babu wani ƙaramin adadin hayaƙi da za a ce ba ya cutarwa. Zuciya ce ke saurin nuna alama, domin ko zama na ɗan lokaci cikin hayaƙi yana sa jini ya ƙara kauri, jijiyoyinsa su rage sakewa. Ga yara kuwa, hayaƙin na tayar da asma, yana jawo ciwon kunne da ciwon haƙarƙari, yana kuma cikin abubuwan da ke sa jariri mutuwa farat ɗaya cikin barci. Mace mai ciki da ke shaƙarsa na iya haihuwar jariri maras nauyi.

Wani bincike da aka yi a kan ƙasashe 192 ya ƙiyasta cewa a shekara ta 2004 mutum kimanin 600,000 suka mutu saboda hayaƙin wasu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu yara ne. Ƙiyasin OMS na shekarun baya-bayan nan ya haura mutum miliyan guda a kowace shekara.

Tarihin hani: daga fatawa zuwa dokar kiwon lafiya

Gardama a kan taba ta kusa tsufa kamar zuwanta daga nahiyar Amurka. A 1607 malamin Tumbuktu, Ahmad Baba, ya rubuta risala yana ganin halaccinta, alhali wasu malaman zamaninsa na ganin haramci. Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya hana ta a 1633, da hukunci mai tsanani har na kisa. A ƙarni na 19 daular Masina ta Shehu Amadu, a cikin ƙasar Mali ta yanzu, ita ma ta haramta ta. Waɗannan hane-hane sun dogara ne a kan addini, tarbiyya, tsoron gobara ko tsoron taron masu sukar sarki.

Dokokin zamani sun bi wata hanya dabam, ta haƙƙin lafiyar wanda ke kusa da mai sha. Sun fara da kaɗan-kaɗan. Faransa ta kafa dokar Simone Veil a 1976, sannan dokar Claude Évin ta 10 ga watan Janairu na 1991, wadda ta raba wuraren masu sha da marasa sha. Jiragen sama na cikin wuraren aiki na farko da aka tsarkake, bayan ma'aikatan cikin jirgi sun daɗe suna kuka: Amurka ta hana sha a gajerun tafiye-tafiyen cikin gida a 1988, kuma a 1992 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta nemi ƙasashe su hana shi a jiragen ƙasa da ƙasa. Jihar Kaliforniya ta hana shan taba a wuraren aiki a 1995, ta haɗa da mashaya a 1998. Birnin Niyu Yok ya bi sahu a 2003.

Ƙasa ta farko da ta yi hanin ɗungurungum a duk rufaffun wuraren aiki ita ce Ailan, ranar 29 ga watan Maris na 2004, a lokacin da Micheál Martin yake ministan lafiya. Abin ya ba duniya mamaki, domin a can mashaya ita ce dandalin hirar unguwa, kuma mutane da yawa sun yi zaton ba wanda zai bi dokar. An sa tarar da ke iya kai euro 3,000, kusan miliyan biyu na sefa. Cikin shekara ta farko masu bincike sun tarar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na wuraren da suka duba suna bin doka. Norwe da Niyu Zilan sun biyo baya a wannan shekarar, Italiya a watan Janairu na 2005, Sikotilan a watan Maris na 2006, Ingila ranar 1 ga watan Yuli na 2007. Yurugwai ta zama ta farko a kudancin nahiyar Amurka a 2006, ƙarƙashin shugaba Tabaré Vázquez, wanda shi kansa likitan ciwon daji ne.

Faransa ta ga cewa rabon da dokar Évin ta yi bai tsinana abin kirki ba, sai ta fitar da dokar zartarwa ranar 15 ga watan Nuwamba na 2006. Hanin ya fara aiki a ma'aikatu, makarantu da asibitoci ranar 1 ga watan Fabrairu na 2007, sannan a gidajen abinci da na shan kofi da mashaya ranar 1 ga watan Janairu na 2008. A lokacin an sa wa mai sha tarar euro 68, kimanin jika 45, mai wuri kuma euro 135, kimanin jika 88. A ƙarshen watan Yuni na 2025 Faransa ta faɗaɗa hanin zuwa bakin teku, lambunan shaƙatawa, rumfunan jiran bas da kewayen makarantu.

Yarjejeniyar OMS da aya ta 8

Tushen yawancin dokokin yau shi ne yarjejeniyar yaƙi da taba ta OMS, wadda babban taron lafiya na duniya ya amince da ita ranar 21 ga watan Mayu na 2003, ta fara aiki ranar 27 ga watan Fabrairu na 2005. Ƙasashe fiye da 180 sun shiga cikinta. Aya ta 8 ta wajabta wa kowace ƙasa kare jama'arta daga hayaƙin taba a rufaffun wuraren aiki, motocin haya da rufaffun wuraren taruwa.

A 2007 ƙasashen suka haɗu a Bankok, babban birnin Tailan, suka amince da ƙa'idojin aiwatar da wannan aya. Ƙa'idojin sun fayyace kalmomin da ake yawan samun gardama a kansu:

Rufaffen wuri shi ne duk wurin da ke da rufi a sama, ko bango ɗaya ko fiye a gefe, ko da me aka yi shi, kuma ko na dindindin ne ko na wucin gadi. A wannan ma'auni rumfar kwano, ta tampol ko ta zana duk suna ciki.

Wurin aiki shi ne duk inda mutum ke aiki, da albashi ko ba albashi. Ya haɗa da baranda, matakala, makewayi, ɗakin cin abinci da motar da ake aiki da ita, kamar taksi ko motar ɗaukar marasa lafiya.

Wurin taruwar jama'a shi ne duk inda mutane ke da damar shiga, ko na gwamnati ne ko mallakar wani.

Shan taba kuwa ya haɗa da riƙe taba mai wuta a hannu, ko da ba a kai ta baki ba.

Ƙa'idojin sun ɗora babban nauyi a kan mai wuri. Shi zai liƙa alamar hani a ƙofa, ya kwashe mazuban toka, ya sa ido, ya yi wa wanda ya kunna sigari magana, in ya ƙi ya daina yi masa hidima ko ya nemi ya fita. An kuma nemi kowace ƙasa ta kai ga cikakken hani cikin shekara biyar daga ranar da yarjejeniyar ta fara aiki a kanta. A 2007 ƙasashe 10 ne kawai ke da cikakkiyar doka. Rahoton OMS na 2023 ya ƙirga 74, masu jama'a fiye da biliyan biyu.

Dalilin da ya sa keɓe ɗakin masu sha ba ya magani

Babbar gardamar da ake yi a kowace majalisa ita ce ko a yi hani gaba ɗaya ko a bar wani ɓangare ga masu sha. Raba ɗaki gida biyu ya yi kama da adalci, amma hayaƙi bai san iyaka ba. Yana bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta taga, ta rufin ɗaki, kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofar ɗakin masu sha sai ya kwararo waje. Fanka na watsa shi ne kawai. Na'urar sanyaya ɗaki, wato kilim, ta fi muni, domin an rufe tagogi kuma iska ɗaya ce take juyawa. Turaren wuta ko na fesawa na ɓoye wari, gubar tana nan. A 2005 ƙungiyar injiniyoyin na'urorin iska ta Amurka, ASHRAE, ta fito fili ta ce babu wata na'urar da za ta iya kawar da haɗarin, hanyar da ta rage kawai ita ce hana sha a cikin ginin.

Akwai kuma tambayar wanda zai shiga ɗakin masu sha ya kai shayi, ya share, ya kwashe kwanuka. Baƙo na iya zaɓen inda zai zauna na minti talatin. Ma'aikaci ba shi da wannan zaɓi, kuma shi ke wuni a ciki kwana shida a mako.

Sifaniya ta gwada rabin hani a 2006. Ta bar ƙananan mashaya da gidajen abinci, waɗanda ba su kai murabba'in mita 100 ba, su zaɓa da kansu. Mafi yawansu suka zaɓi barin sha, don kowa na tsoron kada maƙwabcinsa ya kwashe masa masu ciniki. Bayan shekara biyar gwamnati ta koma ta yi cikakken hani ranar 2 ga watan Janairu na 2011. Darasin shi ne doka guda a kan kowa ta fi sauƙin bi, domin ba wanda zai ce an fifita wani a kansa.

Takardun cikin gida na kamfanonin taba, waɗanda shari'o'in Amurka suka tilasta fitarwa a ƙarshen shekarun 1990, sun nuna cewa kamfanonin sun kashe kuɗi mai yawa wajen ɗaukar masana su sa shakka a kan illar hayaƙi, da tallata rabon ɗaki da na'urorin iska a madadin hani. Sun san cewa inda aka hana sha a wurin aiki, masu sha na rage yawan karan da suke sha a rana, wasu ma su daina. Shi ya sa aya ta 5, sakin layi na 3, na yarjejeniyar ta nemi gwamnatoci su nisanta kamfanonin taba daga teburin tsara dokokin lafiya.

Abin da aka gani bayan kafa dokokin

Sakamako na farko da aka auna shi ne na iska. A mashayun birnin Dabilin na Ailan, ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ke shiga can cikin huhu sun ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari, ma'aikatan kuma suka samu sauƙin tari da jan ido.

A Sikotilan an ƙirga waɗanda aka kwantar a manyan asibitoci tara saboda bugun zuciya wata goma kafin doka da wata goma bayanta. Adadin ya ragu da kashi 17 cikin ɗari, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira marasa shan taba ne. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya nuna raguwar kimanin kashi 10 cikin ɗari a haihuwar bakwaini da kuma kwantar da yara saboda asma.

An yi fargabar cewa in aka hana mutane sha a waje, za su koma gida su busa wa iyalinsu. Binciken da aka yi wa ƴan makarantar firamare a Sikotilan ya nuna akasin haka: alamar nikotin a cikin miyansu ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku bayan doka. Mutumin da ya saba fita waje a wurin aiki yakan ɗauki wannan ɗabi'a zuwa gida.

Ƙorafe-ƙorafen masu adawa

Masu otal da gidajen abinci kan ce ciniki zai mutu. A Niyu Yok, shekara guda bayan hani, harajin da aka karɓa daga gidajen abinci da mashaya ya ƙaru, yawan ma'aikatansu ma ya ƙaru. A 2009 cibiyar binciken ciwon daji ta OMS ta duba binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ta kammala cewa dokokin ba su rage cinikin wannan fanni gaba ɗayansa ba, ko da yake wani wuri guda na iya jin canji. Mai wuri na samun sauƙin shara da fenti, haɗarin gobara ma na raguwa.

Wasu kan kawo batun ƴanci, su ce taba halal ce a kasuwa, don haka ba a hana mutum abin da ya saya da kuɗinsa. Amsar da kotuna da majalisu suka bayar ita ce dokar ba ta ƙwace masa tabarsa ba, ta ce ne ya taka ƴan taku zuwa waje. Wannan ya dace da ƙa'idar da malaman Musulunci suka daɗe suna karantarwa ta hana cutar da wani, wadda ko malaman da ba su kai taba ga haramci ba sun yarda da ita.

Halin da ake ciki a Afirka

Afirka ta Kudu ta gyara dokarta a 1999, amma ta bar gidajen abinci su keɓe har kashi ɗaya cikin huɗu na wurinsu ga masu sha. Kenya ta yi tata a 2007. Cadi da Burkina Faso sun kafa nasu a 2010, Gana ta sa batun cikin dokar lafiyar jama'a ta 2012, Sanagal ta yi a 2014, Najeriya da Yuganda a 2015, Benin a 2017, Habasha a 2019. Dokar Yuganda na cikin masu tsauri: ta hana sha har tazarar mita 50 daga wurin taruwar jama'a. Ta Najeriya ta bar damar keɓe wurin masu sha a wasu gine-gine, kuma sai a 2019 aka amince da ƙa'idojin aiwatar da ita.

Yawan masu shan sigari a Afirka bai kai na Turai ko Asiya ba, amma jama'ar nahiyar matasa ne, kuma kamfanonin taba na kallonta a matsayin kasuwar gobe. Wannan ne ya sa masana lafiya ke ganin kafa doka tun da wuri ya fi araha a kan jiran asibitoci su cika.

Dokar Nijar

Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar OMS a 2004, ta tabbatar da ita a watan Agusta na 2005, ta fara aiki a kanta a watan Nuwamba na wannan shekarar. Wata shida bayan haka aka kafa doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga watan Mayu na 2006 a kan yaƙi da shan taba, zamanin shugaba Tanja Mamadu. Dokar zartarwa mai lamba 2008-223 ta watan Yuli na 2008 ta fayyace yadda za a aiwatar da ita. Ƙungiyoyin fararen hula, musamman SOS Tabagisme-Niger, sun taka rawa wajen neman kafa ta.

Dokar ta hana shan taba a wuraren da ke karɓar jama'a, a rufaffun wuraren aiki da cikin motocin haya. Ta kuma hana tallar taba da sayar da ita ga yara. Ke nan fasinjan da ya kunna sigari cikin bas daga Yamai zuwa Damagaram, ko cikin taksi a Maraɗi, ko a ɗakin jiran likita a Tawa, ya taka doka, haka ma ma'aikacin da ya kunna a buro ko malami a cikin aji.

Gurbin da ya rage shi ne tsarin aiwatarwar ya bar damar keɓe wurin masu sha a wasu gine-gine. An rubuta dokar ne shekara guda kafin ƙa'idojin Bankok, kuma abin da duniya ta koya tun daga lokacin ya nuna cewa irin wannan keɓewa ba ta kare ma'aikaci.

Yanayin rayuwar garuruwanmu ma na da nasa tambayoyin. Mafi yawan masu aiki a Nijar ba su cikin manyan ma'aikatu. Suna shagon ɗinki, garejin gyaran mota, shagon aski, rumfar kasuwa, gidan kallon ƙwallo, teburin mai shayi. A waɗannan wurare yara masu koyon sana'a ke wuni, kuma yaron shago ba zai iya ce wa maigidansa ya kashe sigari ba. Kunya da girmama na gaba kan hana mace ko ƙaramin ma'aikaci yin magana. Maza ne suka fi shan sigari a ƙasar, mata kaɗan ne ƙwarai, amma mata da yara na cikin masu shaƙa. Sayar da sigari kara ɗaya-ɗaya a kan tebur, abin da aya ta 16 ta yarjejeniyar ta nemi ƙasashe su yi ƙoƙarin hanawa, na sa ta kasance a hannun kowa a kowane lungu. Lokacin sanyi da hazo, sa'ad da ake rufe ƙofofi da tagogi kuma ƙura ta riga ta gajiyar da ƙirji, hayaƙin cikin ɗaki ya fi tsanani.

Shisha, sigarin lantarki da tabar gari

Shisha ta bazu tsakanin samari a fadoji da wuraren shaƙatawa, da zaton cewa ruwa na tace guba. Ruwan na sanyaya hayaƙi ne kawai, abin da ke sa a zuƙa da yawa. Zama guda na iya kai awa ɗaya, kuma gawayin da ke kanta na ƙara iskar gas mai guba a ɗakin, har ga wanda bai taɓa tiyon ba. A ƙa'idar yarjejeniya, shisha taba ce mai wuta, hani ya hau kanta kamar sigari. Wasu ƙasashe sun wuce nan: Ruwanda da Kenya sun haramta ta gaba ɗaya a watan Disamba na 2017, Mali kuma a watan Agusta na 2022, tare da wa'adin wata shida ga ƴan kasuwa.

Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, tururi yake fitarwa, galibi mai nikotin. OMS ta ba da shawarar a hana amfani da shi duk inda aka hana sigari, kuma ƙasashe da dama sun gyara dokokinsu don su haɗa da shi. Tabar gari da ake taunawa da kanwa ko ake shaƙa ta hanci ba ta hayaƙi, don haka wannan hani bai shafe ta ba, ko da yake tana cutar da baki, dasashi da zuciyar mai amfani da ita.

Abin da ke sa doka ta yi aiki

Ƙasashen da suka ci nasara sun bi matakai masu kama da juna. Sun sanar da ranar fara aiki watanni kafin lokaci, suka cika rediyo da bayani a harsunan da mutane ke ji. Sun raba alamar hani, wato hoton sigari cikin jan da'ira da aka ja wa layi, wadda ko wanda bai yi boko ba zai gane. Sun haɗa binciken da aikin jami'an da dama can suke zagayen tsabta da lasisi, maimakon kafa sabuwar runduna. Sun sa tarar mai wuri ta fi ta mai sha, sun ba jama'a lambar kai ƙara, sun kuma hukunta wasu manya tun farko don a san ba wasa ba ne. Bayan ƴan watanni, jama'a da kansu ke tsare dokar, har da masu sha.

A matakin gari, ana iya farawa ba tare da jiran kuɗi ba. Shugaban ma'aikata, mai otal, mai gidan abinci, shugaban ƙungiyar direbobi a tasha ko daraktan lakwal na iya liƙa alama a ƙofa, ya kwashe mazuban toka, ya nuna wa masu sha wuri a fili nesa da ƙofa da taga. Ƙungiyoyin ƙwadago na da hurumin sa batun cikin buƙatunsu na lafiyar ma'aikata. Wanda hayaƙi ya dama a mota ko a buro yana da doka a bayansa in ya nemi a kashe, kuma ya fi sauƙi ya yi magana da direba ko mai wurin, tun da su ke da ikon wurin. Ranar 31 ga watan Mayu ta kowace shekara, wadda OMS ta keɓe don yaƙi da taba, lokaci ne da hukumomin lafiya da ƙungiyoyi ke tunatar da jama'a abin da dokar 2006 ta tanada.